Ramata tana zubewa bayan dashe, ga maƙwabciya na yi min kallon mai noman wiwi

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin shuka ku taimaka min, raina a jagule yake. A Hamburg nake, ƙasar Jamus. Tun da muka zo ƙasar nan ban ci kwaɗon rama na kirki ba, busasshiyar da ake aiko mana kafin ta iso ta zama gari. Da ƙanwar maigidana ta je bikin 'yar yayarsu a Zariya, na roƙi Hajiyarmu ta ƙullo min irin rama da na attarugu. Sai da aka kai ruwa rana kafin ƙanwar tasa ta yarda ta ɗauko, wai jakarta ta cika da kayan biki, alhali ni na biya mata rabin kuɗin awon kayan, kuma atamfar ankon ma ni na turo kuɗinta ban je ba. To, a bar wannan. A watan Maris na shuka a robobin yogot a bakin taga. Rama ta fito da wuri, attarugu har yau shiru. Ramar ta zuba tsawo amma siririya, duk ta karkata wajen gilashi, sai na ciccire na dasa a manyan tukwane na fitar baranda. Yanzu rabinta ya kwanta, karan daidai bakin ƙasa ya yi baƙi ya tsuke kamar zare. Waɗanda suka rayu sun fara fitar da ganye mai yatsu, shi ne matar da ke gefenmu ta leƙo tana ƙirga tukwanen, ta ce wai uku kawai doka ta yarda. Baban Hanif ya ce in zubar kafin in jawo masa 'yan sanda. Ya zan yi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, ni ɗan Kura ne, a cikin lambun Kadawa na girma, don haka saurara. Ba a dasa rama. Tumatir da tattasai da albasa su ake reno a bedi a cire a dasa. Rama a inda za ta zauna ake shuka ta, ko a gefen gonar dawa ko a bayan gida, don saiwarta guda ce mai nitsewa ƙasa, kina fizge ta kin karya mata baya. Na biyu kin cika mata ruwa. Zubar da su duka, ki barbaɗa toka a ƙasar, ki sake shuka kai tsaye a tukunyar. Magana ta ƙare.

Ɗalibin Göttingen: Yaya, da sauran magana kaɗan. Ana iya dasa rama in an juyo ta da ƙasarta dunƙule ba a taɓa saiwar ba. Baƙin da karan ya yi a bakin ƙasa cutar funfuna ce da ke kama jaririn tsiro in ƙasa ta jiƙe ga sanyi ga rashin iska. Wanda ya kwanta ba zai tashi ba, a cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, amma masu ran ba sai an zubar ba. Tsawon nan kuma ba lafiya ba ce, neman haske ne. Sannan Anti kin yi saurin fitarwa. Jamusawa ba sa kai shukar da ba ta son sanyi waje sai bayan 15 ga Mayu, saboda daren sanyi da kan dawo a tsakiyar watan, kuma a hankali suke sabar da ita, awa biyu yau, uku gobe. Attarugu yana son ɗumin digiri 25 zuwa 30, yakan kai mako biyu zuwa uku ko fiye kafin ya leƙo, bakin taga da dare kuwa sanyi ne da shi. Tambayata: ina tagar ta fuskanta, wace ƙasa kika sa, kuma tukwanen suna da huda a ƙasa?

Maman Hanif: Tagar tana da haske sosai, nan ma nake shanya. Ƙasa kuma a tsakar gidanmu na ɗebo, baƙa ce mai kyau, furanni na fitowa a cikinta. Ruwa safe da yamma nake ba su, haka Hajiyarmu take yi a Tudun Wada kuma ramarta ba ta taɓa mutuwa ba. Baban Sadik, ban fizge su ba, da cokali na ciro.

Baban Sadik: Ranar Zariya daban, ta Hamburg daban. Can kafin azahar ƙasa ta bushe, nan mako guda tana nan jagab. Cokali ko hannu, dashe dashe ne.

Hajiya Kumasi: Ke kin ma ji daɗi da aka bar ki kika ajiye tukwane. Ni bara na rataya gauta da ayoyo a ƙarfen baranda, mai kula da gidan ya aiko min da wasiƙa har da hoto, wai ruwa na ɗiga wa na ƙasa a kan kujera. Mutumin da karensa ke hana mu barci ban taɓa kai ƙararsa ba. Shekara da shekaru ina biyan haya kan lokaci, amma gauta ta gagare ni. Mutanen nan ba shukar ce ke damunsu ba, mu ne.

Abu Yasmin: Kan batun doka, matar ba ta yi ƙarya ba. Tun 1 ga Afrilun 2024 Jamus ta yarda baligi ya shuka wiwi har guda uku a gidansa, da sharaɗin yara ba za su kai gare ta ba. Ita ta ga fiye da uku, ga yara a gidan, shi ya sa ta yi magana. Ganyen rama da na wiwi suna kama sosai, amma ki tsinki ɗaya ki murza ki ba ta ta shinshina, rama ba ta da wannan warin, in ta ɗanɗana ma tsami za ta ji. Ni abin da ya fi tsaya min irin ne. Tun Disambar 2019 shigo da iri ko tsiro Tarayyar Turai daga waje sai da takardar shaidar lafiyar shuka. 'Ya'yan itatuwa kaɗan aka ware, kamar dabino da ayaba da abarba da kwakwa. A riƙa kula da saƙon da ake ɗora wa matafiya.

Umman 'Yan Biyu: Inna lillahi. Abin da a gida hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke ƙone gonakinsa, nan an ce kowa ya shuka uku. Jiya a tashar jirgin ƙasa sai da na toshe wa yara hanci, babban har yana tambayata warin mene ne. Ni wallahi ko don kar a gan ni da mai kama da ita sai in haƙura da ramar, in sayi alayyahu.

Maman Hanif: Haba Umma, abincin iyayenmu zan bari don wasu na shan abin da suke sha? Abu Yasmin, iri bai fi cikin tafin hannu ba fa, ba buhu aka shigo da shi ba. Kuma matar nan ba na jin zan ba ta komai ta shinshina, ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Baban Sadik: Duk surutu ne. Toka, sabuwar shuka, tsakiyar Mayu. Attarugun kuma irin ya mutu, ina tabbatar miki a kan wuta aka busar da shi. Ɗalibi, littafi daban, gona daban.

Ɗalibin Göttingen: Yaya, toka ba ta kashe wannan cutar, in ta yi yawa ma tana ƙone ƙaramin tsiro. Gara ta sayi ƙasar reno ta leda a shagon kayan lambu, ba tsada. Attarugun kuma a matsar da shi kusa da hita a rufe da leda a ga abin da zai yi kafin a yanke masa hukunci. Anti, har yanzu ba ki faɗa min ko tukwanen na da huda ba.

Maman Hanif: Tukwanen sababbi ne, masu tsada ma, ba zan fasa su ba. Na shigo da su falo tun ɗazu na ƙara musu ruwa da ɗan taki, don na ga sun yi yaushi. Baban Hanif ya ba ni zuwa Asabar. Akwai wanda ke kusa da unguwar Wilhelmsburg a nan Hamburg da zai riƙe min guda huɗu?