Malak Hifni Nasif: me ya raba ta da Ƙasim Amin?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani game da marubuciyar nan ta Masar, Malak Hifni Nasif, wadda ta riƙa rubutu a jaridar al-Jarida da laƙabin Bahisatul Badiya. Ana lissafa ta cikin matan farko da suka yi fafutukar haƙƙin mata, amma kuma an ce ta saɓa wa Ƙasim Amin, marubucin Masar da ya yi kira a 'yantar da mata, a kan batun cire lulluɓin fuska. Ta yaya waɗannan abubuwa biyu suka haɗu?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Babu karo a tsakaninsu. Ƙasim Amin, a littafinsa na 1899, ya ɗauki cire lulluɓi a matsayin babban mataki, ita kuwa Malak ta ce ilimi ne ya kamata ya riga komai, domin macen da aka fitar da fuskarta ba tare da an ilmantar da ita ba, kuma ba tare da an gyara tarbiyyar mazan da za ta haɗu da su a titi ba, an ƙara mata wahala ne kawai. Abin da ya fi damunta shi ne maza su yanke wa mata hukunci, yau su ce a rufe, gobe su ce a buɗe, ba tare da an tambayi matan ba.

Marubuciya:
Ya kamata a duba rayuwarta ma. An haife ta a Alƙahira a 1886, ta yi karatu a makarantar Saniyya, ta koyar, sannan a 1907 aka aurar da ita ga wani basarake a yankin Fayyum, inda ta tarar yana da wata matar ba a sanar da ita ba. Saboda haka abin da ta rubuta kan kishiya da sakin wulaƙanci, wanda aka tattara a littafinta al-Nisa'iyyat a 1910, ba labarin ji ba ne. A ganina nan ne alƙalaminta ya fi kaifi.

Tsohon Malami:
Haka ne. A 1911 ma ta aika wa wani babban taron ƙasa da aka yi a Masar buƙatu goma, ciki har da karatun 'ya'ya mata, horar da mata aikin likita, ba su damar shiga masallaci, da taƙaita auren mace fiye da ɗaya. Annobar mura ta yi ajalinta a 1918, ba ta cika shekara 32 ba, kuma marubuciya May Ziyada ta rubuta tarihinta a 1920.