Baba ba ya iya magana, amma yana bin waƙa

'Yar Gangare: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ko ruwa yake so sai ya nuna da hannu. Jiya ƙanina ya kunna kuntigin marigayi Ɗan Maraya a waya, sai ga Baba yana bin amshi, kalmomi na fita sarai. Wallahi sai da na yi kuka. Mu ci gaba ko zai gajiyar da shi?

Anti mai aikin jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ku ci gaba. Ga yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ne kuma ke sarrafa jikin dama. Ita waƙa ɓangarorin biyu take bi, shi ya sa take fita ko magana ta maƙale. Ki ɗauki abin da yake buƙata kullum, kamar "ba ni ruwa", ki rera masa a hankali kina ɗan buga hannunsa na hagu daidai da kowace gaɓa. Kaɗan-kaɗan safe da yamma, da ya gaji ki bari. Ranar asibiti ki faɗa wa likitansa. In Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) kuke zuwa can Lamingo, ki tambayi masu gashin ƙashi yadda za ku haɗa tafi da koyon taku.

Kawu na Bukuru: 'Yata, wanda ya saba ji da ƙuruciya za ki nema, kar yara su cika masa kunne da na zamaninsu. Mahaifiyata da rikicin tsufa ya kama ta har sunana ta manta, amma waƙoƙin daka ba ta manta ba. Wanda kuma ba ya son kiɗa, bege ko karatu mai taushi na kwantar da shi da dare.

Malamin makaranta, Anguwar Rogo: A bar abin kunne, a sa ƙaramar rediyo nesa kaɗan. Tunda ba zai iya cewa ƙara ta yi yawa ba, fuskarsa za ki riƙa dubawa.

Anti mai aikin jinya: Don Allah maganin hawan jini kar a fasa ko kwana ɗaya.

'Yar Gangare: Na gode, Allah ya bar zumunci. Kawu, yanzu Umma ke ce min goge ya fi so lokacin yana aikin kuza. Wa ke da tsofaffin kaset?

Kawu na Bukuru: Akwai kwali guda a ɗakina. Turo ƙaninki bayan Juma'a.