Katin sautina yana yankewa tun da na ƙara katin USB, ina neman shawara

Mai situdiyo a Agege: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin ɗakin naɗar sauti inda nake ɗaukar wa'azi da karatun ɗaliban islamiyya, kuma kwamfutar da nake aiki da ita Pentium 4 ce mai Windows XP, wadda yayana ya bar mini lokacin da ya koma Kano, shi ya sa ba na jin zan iya rabuwa da ita. Tun da na ƙara katin USB, murya take yankewa duk sa'ad da na jona filashi. Na duba na ga katin sauti da katin hoto da sabon katin duk suna kan IRQ 16, wato lambar layin da kati ke kiran furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta kansa. Na sauya lambar a BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ba abin da ya canza, ga shi wani Malam yana jiran aikinsa ranar Juma'a.

Injiniya na Ikeja: Wa alaikumus salam, Malam. BIOS ba zai raba su ba. Kowane gurbin PCI, inda ake soka kati, yana da layuka huɗu da kati ke kiran furosesa ta kansu, daga INTA zuwa INTD, kuma masu ƙera babban allon cikin kwamfuta, wanda guraben ke kansa, suna karkata layukan nan daga gurbi zuwa gurbi, ta yadda INTA na gurbi na biyu zai faɗa kan wayar INTB ta gurbi na farko. Idan guraben sun fi huɗu, galibi waɗansu sukan haɗu a waya guda, kuma sau da yawa gurbin da ke maƙwabtaka da AGP, wato gurbin katin hoto, shi ke tarayya da katin hoto. Tarayyar a kan wayoyin tagulla na allon take. An tsara PCI ya jure ta, amma idan direban wani kati, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya jinkirta, sauti ne ke fara shan wahala. Ka mayar da katin sautin wani gurbi.

Ɗan Mile 12: Ni ina zargin wuta. Haka tawa ta yi, wani mai gyara ya karɓi kuɗina sau biyu, daga baya na gano janareta ne, kuma har yau bai mayar mini da ko sisi ba.

Hajiya mai shagon buga takardu: Ɗan'uwa, ka kashe ACPI, tsarin da Windows ke raba lambobin IRQ da shi, ka raba lambobin da hannunka.

Injiniya na Ikeja: Hajiya, wannan zai mayar da shi tsohon tsari mai layuka 16 kacal, wanda agogo ya riƙe 0, kibod ya riƙe 1, faifai suka riƙe 14 da 15, alhali APIC, tsarin da yake kai yanzu, yana ba shi 24. Mafita ta dindindin ita ce allo mai PCI Express, inda kati ke aika kiransa a matsayin saƙo, wato MSI, ba ta waya ba.

Mai situdiyo a Agege: Na gode, Injiniya, amma yayana da kansa ya sa katin sautin a gurbin farko, kuma shekara da shekaru bai taɓa ba ni matsala ba. Sabon allo kuwa ba zai karɓi katina ba. Shin idan katin USB na matsar, ba zai wadatar ba?

Injiniya na Ikeja: Tarayya da katin hoto za ta ci gaba. Mene ne sunan allon naka, mu duba jadawalin guraben a littafinsa?

Mai situdiyo a Agege: Littafin yana Kano, kuma ba zan buɗe kwamfutar ba sai na miƙa aikin Malam.