"Zaren ba kalar yadin ba ne": gori ne ko gaskiyar sana'a?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Samari sun mai da "zaren ba kalar yadin ba ne" ta gori: wane bai isa ya nemi wance ba, ƙungiya kaza ba sa'ar kaza ba ce. A ganina rashin dacewa take nufi, ba raini ba. Me kuka gani?

Tela: Wa alaikumus salam. A kan keke haka take. In na ɗinka farar shadda da baƙin zare, laifin zaɓina ne, zaren lafiyarsa ƙalau. Mu ma wanda ya ɗan fi yadin duhu muke ɗauka, don in ya kwanta a ɗinki yakan yi haske.

Malamar Hausa: Malam Tela, masu faɗin ta ba daga shagonka suke ɗauko ma'ana ba. Duk inda na ji ta, akwai na sama akwai na ƙasa. Ban kuma taɓa jin ta a bakin tsofaffi ba.

Jikan marina: Malama, ki zo Ƙofar Mata ki gani. Za a kawo farar riga ɗinkakkiya, zare da yadi duk fari fat. Mu tsoma ta a baba, wato rinin shuɗi, ta fito kore-kore, iska ta buge ta ta koma shuɗiya. Amma ɗinkin wuya da na aljihu suna nan fari, kamar ba su shiga karofi ba. Mai riga ya yi ta faɗa, alhali rini bai yi laifi ba.

Ɗalibar kimiyya: Jikan marina, ga dalilin: rigar auduga ce, zaren kuwa poliyesta ne, dangin robar gorar ruwa. Masana kimiyya biyu, Whinfield da Dickson, su ne suka ƙirƙiro shi a Ingila a 1941. Auduga tana shan ruwa, shi ya sa narkakken baba ke ratsa ta, iska kuma ta mayar da shi shuni marar narkewa ya maƙale a ciki. Poliyesta ba ya shan ruwa, ƙwayoyinsa a matse suke. A masana'anta sai da rini na daban, a tukunyar matsi, da zafi wajen digiri 130 a ma'aunin Salshiyas, kafin ya karɓi launi.

Ɗan Fagge: To kin gani, Malama. Ba wanda ya fi wani, asali ne ya bambanta.

Malamar Hausa: Akwai fifiko mana. Ai poliyesta ya fi auduga ƙarfi, shi ya sa teloli suka koma masa. Kuma yarinyar da ta faɗa wa saurayi wannan magana a zance, ba darasin rini take ba shi ba.

Tela: Ƙarfin ma yana da illa, Malama. A tsohon yadi mara ƙwari, zaren ba ya tsinkewa, yadin ne ke yagewa a bakin ɗinki. Wanda zai kai riga marina dai ya gaya min tun wuri, in nemo masa zaren auduga.