Kafin ƙarfe 8 na safe na riga na gaji, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na saba karanta matsalolin mutane a nan ina sa baki, yau abin ya zo kaina. A yi haƙuri da tsawon bayani.

Yarana uku: babban shekararsa 9, mai bi masa mace ce 'yar shekara 6, sai auta mai shekara 2 da rabi. Maigidana a Fatakwal yake aiki, sai ya yi wata biyu ko uku kafin ya zo ya yi mako guda. Ni kuma ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani a Bompai, muna zaune a Rijiyar Zaki. Wanda ya san Kano ya san sai na ratsa gari kaf. Ƙarfe 7:30 ake rufe ƙofar makarantar yara, ƙarfe 8 ake son ganina a ofis.

Ƙarfe 4:30 nake tashi. In ɗora ruwan wanka, don a hunturun nan ba yaron da zai yarda da ruwan sanyi, in haɗa karin kumallo da abincin tafiya makaranta. Idan NEPA ba su kawo wuta da dare ba, sai na hura gawayi na yi guga. Sallar ma a gurguje nake yin ta. Tashin babban kaɗai yaƙi ne, auta kuma sai mai Adaidaita ya fara danna hon a ƙofar gida zai riƙe min zani yana tsala kuka. In kai shi gidan raino, in faɗa cunkoson Kabuga. Sau biyu ke nan a watan nan oga yana ba ni takardar gargaɗi kan makara.

Duk wannan da sauƙi. Shekaranjiya safar yarinyar ɗaya ta ɓata, na ce ta nemo, ta tsaya tana kallona, ban san lokacin da na kai mata mari ba. Ba ta yi kuka ba. Sai da muka fito take ce min, "Mama, me ya sa da safe ba kya son mu?" Wallahi mayafi na ja na rufe fuska, ina hawaye har Bompai. Ga ciwon kai kullum. Idan na yi wa maigida ƙorafi sai ya ce in yi haƙuri, ya turo kuɗi. Waɗanda suka bi ta wannan hanya, yaya kuka yi?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ni malamar firamare ce, shekara huɗu na yi haka ni kaɗai. Duk aikin da kika lissafa ban ga wanda dole sai da asuba ba, in ban da wanka da sallah. Guga ki yi ta mako guda ranar Lahadi, ko duk lokacin da aka kawo wuta, ki rataye kayan kowane yaro daban. Safa ki daina sayen kala-kala, ki sayi dozin iri ɗaya, in ɗaya ta ɓata kowace ta shiga madadinta. Ruwan zafi ki tafasa da dare ki cika manyan fulas biyu, da safe sirkawa kawai za ki yi. Miya ki soya mai yawa a ƙarshen mako, in kin bar ta ta soyu sosai cikin mai tana yin kwana biyu uku da ɗumamawa ko ba firji. Karin kumallo kuwa, waye ya ce sai kin soya dankali da ƙwai kullum? Koko da ƙosan maƙota muka sha muka girma, ɗumamen tuwo ma yara na ci su ƙoshi. Jaka da takalmi da jinga duk a gama bayan sallar isha, a jere su a bakin ƙofa. Sannan yaro ɗan shekara 9 ba jariri ba ne. Ya yi wankansa, ya saka kayansa, ya ɗaure wa ƙanwarsa takalmi. Mako na farko zai yi shi a karkace, ki kawar da kai, kada ki karɓe.

Hajiya daga Gwammaja: 'Yata, sannu. Amma bari in tambaye ki, ba ki da kowa ne a garin nan? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka haifi takwas tara ba mu fi ku ƙarfi ba, a gidan yawa muka yi renon, wannan ta goya, waccan ta yi wanka, kaka tana tsakar gida tana lura. Ku yanzu kun shige gida mai get kun kulle, kuna jin kunyar a ce kun gaza. Ki je ki sami mahaifiyarki ko uwar mijinki ki faɗa musu gaskiya, ba a rasa wata ƙanwa ko 'yar ɗan uwa da ke neman wurin zama don karatu a birni. Sai dai in ja kunnenki: kada ki ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye ki ce 'yar aiki, naki su tafi makaranta ita tana wanke-wanke. In kin ɗauko 'yar mutane, ki sa ta a makaranta kamar taki.

Ummu Auta: Ni dai gaskiya ki ajiye aikin nan. Tarbiyyar yara ta fi albashi, tunda mijinki yana turo kuɗi.

Wata daga Kaduna: Ummu Auta, faɗa da baki ba wuya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gida nawa ne albashi ɗaya ke riƙewa? Kuɗin makaranta, kuɗin Islamiyya, gas, 'yan garuwa, ga kuɗin motar mijin daga Fatakwal. Ba ta ce aikin ne ya ishe ta ba, safiyar ce. Abin da zan ƙara shi ne ta dubi maƙotan da yaransu ke makaranta ɗaya da nata, su haɗa kuɗi su ɗauki mai Adaidaita guda amintacce na wata-wata. Mu haka muke yi mu huɗu, kowace uwa tana da ranar da take raka su. Ni sau ɗaya a mako nake ganin ƙofar makaranta.

Baban Khalifa: A gafarce ni in sa baki cikin zancen mata. Ni ma aikina a Legas yake, iyalina suna Zariya, kuma na daɗe ina ganin in na tura kuɗi na sauke nauyi. Sai da matata ta kwanta asibiti na riƙe yaran kwana biyar, a rana ta uku na kai ɗaya makaranta da takalmin ɗan uwansa. Hajiya, mijinki bai san abin da kike ciki ba, don "na gaji" kawai kike ce masa. Ki rubuta masa safiyarki daga 4:30 zuwa 8 kamar yadda kika rubuta mana, har da maganar da yarinyar ta yi. Kuma ki yanka masa nasa rabon: kuɗin Adaidaita, da kiran bidiyo kowane dare ya yi wa babban jinga da tilawar hadda. Ni yanzu haka nake yi. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari, amma mu maza ba mu cika son a karanto mana shi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Kowa ya yi maganar safa, ba wanda ya taɓa ciwon kan. Ƙarfe nawa kike kwanciya? In sha ɗaya ne, barcin awa biyar da rabi kike yi, alhali babba yana buƙatar aƙalla 7. Yaran da ke tsakanin shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12 ake so su samu, shi ya sa babban naki yake wuyar tashi in ya kai goma yana kallo. Don Allah ki tsaya ko a kemis ne a auna jininki, kada ki yi ta haɗiyar farasitamol. Hawan jini ba ya sallama.

Malamar Islamiyya: Allah ya dafa miki, ƙanwata. Nana Faɗima da kanta ta je neman mai taimako saboda niƙa ya ci mata hannu, to neman taimako ba abin kunya ba ne. Mahaifinta (SAW) ya koya musu ita da Sayyidina Ali tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 lokacin kwanciya. Ki riƙe wannan tare da dabarun da aka ba ki. Yarinyar kuma ki zaunar da ita ki ba ta haƙuri, uwa ba ta raguwa don ta ce wa ɗanta ta yi kuskure.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana tara ke nan, ga inda aka kwana. Na je an auna ni, jinin ya ɗan hau, an ce in dawo bayan mako biyu a sake dubawa. Hajiya, na je wajen Ummata, faɗa ta fara yi min kan me ya sa sai yanzu, sannan ta ce ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Bayero (BUK) ta dawo wajena, tunda ma mun fi kusa da sabuwar jami'ar. Baban Khalifa, na tura wa maigida rubutun. Ya yi shiru har washegari, sannan ya kira ya ce a ba shi yarinyar. Kiran jingar ya yi sau huɗu, ya manta sau biyu, muna dai tafiya. Maƙotan ne har yanzu ban samu ba, ɗaya ta ce sai ta tambayi mijinta. Yanzu 5:15 nake tashi, kuma jiya ma na makara da minti goma.

Na ba yarinyar haƙuri, ta ce ai ta manta. Safar kuwa ranar Asabar na gan ta ina zuba shinkafa, auta ne ya cusa ta cikin buhu.