Muhawara: a gaji dict kai tsaye ko a gaji UserDict?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganar da na yi a zamanmu na ranar Asabar, cewa duk mai son sauya halin ƙamus (ma'ajiyar da ke haɗa kowane mabuɗi da bayaninsa) a harshen shirya manhaja na Python ya guji gina sabon ajinsa ta gadon dict, wato ƙamus ɗin Python na asali, kai tsaye, ya gaji UserDict, wato ajin da ke naɗe ƙamus a cikinsa. Na rubuta wata manhaja mai adana bayanan ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, ina son kowane mabuɗi ya koma ƙananan baƙaƙe, domin "Wamakko" da "wamakko" su zama abu ɗaya. Na gaji dict, na sake rubuta __setitem__, wato aikin da ke ajiye mabuɗi da bayaninsa, amma da na zuba bayanai ta hanyar update, mai zuba bayanai da yawa a lokaci guda, sai na tarar da Wamakko sau biyu. Dalili kuwa shi ne a CPython, wato Python ɗin da aka fi amfani da shi, an rubuta dict da harshen C, kuma update da setdefault da __init__ ba sa bi ta kan __setitem__ ɗin da mutum ya sauya.

Malama Hauwa'u: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya same ka gaskiya ne, amma hukuncin ya yi faɗi. Tun Python 2.2 a shekarar 2001 aka buɗe ƙofar gadon dict, kuma defaultdict da Counter duk daga gare shi suka yi gado. Wanda buƙatarsa ita ce ƙara sabon aiki, ko sarrafa abin da zai faru idan ba a sami mabuɗi ba, __missing__ ya ishe shi, wanda ya zo a Python 2.5 a shekarar 2006. Sannan UserDict ba dict ba ne: idan ka tambayi isinstance, mai duba ajin abu, zai ce maka a'a, json.dumps mai mayar da bayanai rubutun JSON kuma zai ƙi karɓarsa sai ka miƙa masa ainihin ƙamus ɗin da ke cikin data, inda UserDict ke ajiye bayanansa. Ga shi kuma ya fi nauyi, tunda kowane kira sai ya ratsa lambar Python.

Abdullahi: Malamaina, ku yi mini afuwa, ina matsayin MutableMapping, wato ajin tushe na ƙamus mai sauyuwa, a nan? An koya mana cewa idan aka rubuta ayyuka biyar, wato __getitem__, __setitem__, __delitem__, __iter__ da __len__, sauran suna zuwa kyauta.

Malam Sani: Haka ne, ƙanena, kuma UserDict ɗin kansa daga MutableMapping ya yi gado, shi ya sa update ɗinsa yake bi ta __setitem__. Ka tuna dai ka ɗauko MutableMapping daga collections.abc, domin an cire tsohuwar hanyar ɗauko shi kai tsaye daga collections a Python 3.10. Malama, na karɓi batun json, amma ina ganin kuskuren da ya tsayar da manhaja nan take ya fi sauƙi a kan wanda ya yi shiru yana lalata bayanai. Ni sai bayan kwanaki na gane abin da ya faru, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin an riga an yi lissafi da waɗannan alƙaluma. Ko __missing__ ɗin da kika ambata, get na dict ba ya kiransa, copy kuma yana mayar maka da dict zalla, ajinka ya ɓace.

Malama Hauwa'u: To Malam, ka duba naka ma. UserDict yana da __contains__ nasa, mai duba ko mabuɗi na ciki, wanda ke leƙa data kai tsaye, saboda haka idan __setitem__ kaɗai ka gyara, ka tambaya ko "Wamakko" na ciki zai ce babu. Dole ka gyara __contains__ da __getitem__ da __delitem__ su ma. Inda muka haɗu shi ne sauya yadda ake ajiye mabuɗi, a nan na yarda a bar dict. A sauran wurare ban sauka daga ra'ayina ba.

Malam Sani: Lallai ban gyara __contains__ ba, na gode da tunatarwa. Zan gyara shi a daren nan, in turo lambar Abdullahi ya gwada ta da Gwadabawa da Tambuwal.