Wai da gaske benen Badagry ne na farko a Najeriya?

Ɗan Ringim:
Salam jama'a. Satin jiya na dawo daga Ikko, mun raka shanu daga Maigatari, sai wani ɗan garinmu da ke sana'a a Badagry ya ce in zo in sha iskar teku. Ya kai ni wani tsohon gida fari a bakin ruwa, hawa ɗaya ne kacal, matakalarsa ta katako har ƙara take in ka taka, wai shi ne bene na farko a duk Najeriya, 1845. Ni fa abin bai kwanta min ba wlh. Masana tarihi ku taimaka.

Malamin Firamare:
Wa'alaikassalam. Gidan tsoho ne kam, ƴan mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, suka gina shi, wani fasto Bajamushe Gollmer shi ya tsaya kan aikin. Samuel Ajayi Crowther ma ya zauna a Badagry a lokacin, wanda ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci. Amma batun na farko a Najeriya akwai gyara, sai dai a ce na farko irin ginin Turawa.

Baba Na Dambatta:
Yauwa Malam, ka biya ni. To ina aka kai sorayen Kano? Gidan Rumfa tun zamanin Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi sarauta 1463 zuwa 1499, ga Gidan Makama, ga hasumiyar Gobarau a Katsina da ake hawa da matakala, duk da tubali da makuba da azara magina suka ɗora su ba kwano ba siminti. Abin dariyar ma Bature Clapperton ya shigo Kano 1824 ya tarar da gidajen ƙasa masu hawa, kuma shi ɗin dai ta Badagry ya sake shigowa 1825, shekara ashirin kafin a gama wannan benen naku.

Ɗan Ringim:
Baba ai ba namu ba ne, kallo kawai na je 😂

Maman Hanifa:
Ɗan'uwa ka leƙa gidan Seriki Abass kuwa, wannan mai fataucin bayin na da a Badagry? Maigidanmu ya je, ya ce ɗakunan da ake tsare bayi ne kafin a tsallaka da su tsibirin Gberefu a loda su a jirgi, ƴan ƙanana ga duhu, sarƙoƙin ma suna nan. Ni wannan ya fi tsaya min a rai a kan bene.

Ɗan Ringim:
Ban samu shiga ba Hajiya, la'asar ta yi direba yana ta kira. Sai in mun koma bayan Sallah.